Ranar da na raka Bature da kwalinsa

Ko da zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan manta ranar da aka sallami Baturen da nake dafa wa shayi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na rasa haushin wa zan fi ji, nasa ko na mutanen ofishin.

Ni ce mai kula da kicin a wani kamfanin mai da iskar gas, shi kuma babban ogan reshen. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kano, don haka duk rubutun da idona ya gani sai na tsaya na karanta. Haka na karance tarihin mutumin a ƙarƙashin hotunan bangon ofishinsa. Ga shi yana saurayi da hular kwano a wurin haƙar mai cikin tekun ƙasarsu Ingila. Ga shi a Fatakwal. Ga shi da furfura a gaban faifan sola, lokacin da kamfani ya juya ga hasken rana. Daga Najeriya ya tsinto "sannu da aiki", kullum da ita yake karɓar kofinsa, ko da zaune ya same ni.

Wata safiya aka kira shi bene na sama. Da ya sauko sai ga mai gadi a bayansa, shi kuma rungume da kwali, hotunan nan a ciki. Mutanen da jiya suke fashewa da dariya tun bai gama ba'arsa ba, kowa ya kafa wa kwamfuta ido kamar za ta gudu.

Na taɓa wani injiniya ɗan Kano da ke kirana Mama, na ce, "Kai, babu mai raka shi?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Mama, rufa wa kanki asiri. Doka ce, wanda aka sallama ba a kula shi. Bizarki ta kusa ƙarewa, ga sabon oga can yana kallo, shi zai sa hannu. Khalas, shi ke nan, koma kicin."

Gaskiya ya faɗa. In babu biza, babu ɗakina na unguwar Karama, sai jirgi zuwa gida. Na koma kicin, na ɗauki kofi, na ajiye. Amma a gidanmu ko mai tallar goro ce ta shigo sai an taka mata zuwa zaure. Mutum ya tsufa a kan aiki, a fitar da shi kamar ɓarawon akuya? Na gyara mayafi, na tarar da shi, na kama kwalin.

Sai ya hau gardama da ni! Wai zai iya ɗauka, wai lafiyarsa ƙalau, yana godiya yana jan kwali, ina ja. Na ce da guntun Turancina, "Yallaɓai, saki. Yalla, mu tafi."

A cikin lifta ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Hajiya, kin san wa ya kafa dokar nan? Ni ne. Mutane da yawa na fitar haka."

Wallahi saura kaɗan in sakar masa kwalin a ƙafa. Na ce, "To, ka ji daɗinta?" Ya girgiza kai. Na kai shi har mota, na ce mu yafi juna, Allah ya kiyaye hanya. Ya miƙo hannu, ya tuna ba na musabaha da maza, ya janye, ya ce, "Sannu da aiki." Ran nan kam maganar ta dace.

Sabon oga ya sa hannu a bizar, amma aka mayar da ni kicin ɗin siton kamfanin a unguwar masana'antu ta Ras Al Khor, cikin ƙarar walda da warin baƙin mai. Injiniyan ya bugo waya, wai "Mama, ban gaya miki ba?" Na ce, "Ka gaya mini, ɗana. Ran da aka miƙa maka naka kwalin, ka kira ni."

Abin da na koya shi ne, ba don mutum ya cancanta ake yi masa rakiya ba, don kada ƙofa ta saba ganin ana fita ta cikinta a wulaƙance ne. Da Baturen nan ya raka mutum ɗaya tal a zamaninsa, da ba mai shayi kaɗai ce za ta taka masa ba.