Hannun Baba

Baba mai zayyana ne. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani a ƙauyukanmu, daga gefen Minjibir har Kunci, sai allonsa ya biyo ta zaurenmu Baba ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Bayan rasuwarsa zauren ya koma wurin ajiye buhunan gyaɗa. A firamaren garinmu nake koyarwa, kuma ranar da na ambaci Baba a aji, ko ɗalibi ɗaya bai san shi ba. Abin ya tsaya min a rai.

Shi ya sa na buɗe masa shafi a kundin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. Gidanmu babu sabis, sai in ratsa gonar gero in hau tudun bayan gari, daga ni sai waya. Kwana biyu da gamawa, sai ga saƙo daga wani edita da ban san ko fuskarsa ba: "Malama, ina madogara? Ana buƙatar littafi ko jarida da suka yi magana a kansa. In babu, za a goge shafin."

Raina ya ɓaci. Mu a gidanmu da bakin mutane ake inganta magana: wane ya ji daga wane, shi kuma daga malaminsa. Na bi tsofaffi gida gida ina rubuta shaidarsu, har da wani alaramma a Watari da ya warware allonsa daga cikin tsohon zane. Na tura duka. Editan ya amsa da ladabi, irin ladabin da gara a zage ka, ya ce ya yarda da ni, amma abin da ba a buga ba ba ya shiga.

Inna ce ta tuno. Tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Ai wani malamin jami'a ya taɓa zuwa da abin ɗaukar hoto, lokacin kina makarantar kwana. Wuni ya yi a zaure."

Ranar Asabar na shiga motar Kano. Sai bayan azahar na samo littafin da malamin ya rubuta a laburaren jami'a. A wani shafi ga hoto: ga allo, ga hannu riƙe da alƙalami. Fuska ba ta fito ba, amma na san babban yatsan nan da lauje ya tsaga wa farce. Na kifa kai a tebur na yi kuka, babu wanda zan juya in nuna wa. Da na share ido na duba ƙasan hoton, abin da aka rubuta kawai shi ne wani mai zayyana a arewacin Kano.

Na dawo gida ina ta faɗa. Mutum ya ci tuwonmu, ya sha furarmu, amma suna ɗaya ya gagare shi rubutawa! Inna ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Kar ki ɗauki alhakin bawan Allah. Sau uku ya tambaya. Babanki ya ce allon da ke ɗauke da sunan Allah ba a haɗa shi da sunan wani. Ya ce hannun ma ya isa."

Washegari na hau tudun. Na sake karanta saƙon editan, na mayar da wayar jaka. Da wa zan yi faɗa kuma? Kafin a yanke gero an goge shafin. Gaskiya har yau ina ɗan jin haushin Baba, ina kuma kewarsa fiye da da.

Na ɗauki hoton shafin littafin, yana nan cikin wayata. Inna kan ce in nuna mata, ta matso da shi daf da idonta, ta ce, "Shi ne." Bara ta rasu. Yanzu ni kaɗai ce zan kalli hoton nan in san hannun waye.