Mai Kunne Ya Ajiye Sukudireba

Ƙarfe bakwai saura yake isowa, a kan keke. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana gyara motocin jama'a bai taɓa mallakar mota ba. In aka yi masa tsiya a kan haka, sai ya ce ai don ya san abin da ke cikinta ne. Da can dariya muke yi masa. Bana duk mun gane ya fi mu wayo.

Yakan jingine keken a jikin katangar tasha, ya share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera kayan aiki: sukudireba uku, sifana biyu, kwanon wanke ƙarafa, da wani buroshin haƙori da ya daɗe da barin aikin haƙori. Daga nan ya zauna a kan kujerar da aka ciro daga wata matacciyar mota, ya jira.

Direbobi suna kiransa Mai Kunne. Aikinsa ɗaya ne, gyaran kafireto, wato tukunyar nan da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. In fetur ya yi yawa, mota ta yi ta zuƙa tana baƙin hayaƙi. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi daga ciki ya ci kansa. Tsakanin biyun akwai wani wuri siriri kamar gashi, kuma shi da kunne yake nemo shi. In ka kawo masa mota ba ya tambayarka me ke damunta, domin a cewarsa direba da mai mota duk suna da ƙarin gishiri, inji ne kaɗai ba ya ƙarya. Zai ce ka tayar. Ya rufe ido, ya karkata kai. Ya ce ka taka, ya ce ka saki. Sannan ya miƙa hannu cikin bonet, ya juya sukuru ɗaya kwata, ya dawo da shi kaɗan, sai ka ji motar da ta zo tana tari ta koma numfashi kamar jaririn da ya ƙoshi.

Mai facin taya, wanda rumfarsa ke manne da ta Mai Kunne shekara ashirin, ya ce da idonsa ya ga ranar da wata bas ta bi titi a guje, Mai Kunne ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi ta da keke har inda danja ta tsayar da ita, ya ƙwanƙwasa gilas ya gaya wa direban da bai taɓa gani ba cewa fulogi ɗaya ya mutu, kuma mai yana tsiyaya a banza. Direban ya ɗauka mahaukaci ne. Da yamma ya dawo da motar, ya zama na gida.

Ni ma na taɓa kai masa tawa, ina ƙorafin tana shan mai. Ya saurara, ya sa na zaga da shi unguwa sau ɗaya, muka dawo ya ce, "Malam, motarka lafiyarta ƙalau. Ƙafarka ce ba ta da lafiya." Bai taɓa ko sukuru ɗaya ba. Motar yanzu tana ƙarƙashin tamfal a tsakar gida, kyanwa ta haihu a kujerar baya. Fasinjojin da ta ɗauka bana ke nan.

Domin bana ba shekara ba ce irin sauran. An ƙara kuɗin mai, muka yi surutu. Aka sake ƙarawa, muka yi ƙasa da murya. A karo na uku babu wanda ya ce komai, mutane suka sayi takalma masu ƙwari. Sannan aka ɗora haraji a kan kowace lita, aka ce don gyaran hanya ne. Ramin da ke ƙofar tasha yana nan, har direbobi sun fara gaishe shi da safe. In direba ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya zage shi ya tafi a ƙafa. In bai ƙara ba, ya wuni yana yi wa gidan mai aiki. Da tsakar rana za ka shiga tasha ka tarar da manyan mutane, masu mata da 'ya'ya, kwance a ƙarƙashin motocinsu, ba barci suke ba. Sun gano cewa zama ya fi tafiya da rabin mota sauƙin asara.

Sai rumfar Mai Kunne ta koma kamar asibiti. Kowa abu ɗaya yake so: a matse wa motarsa wuya, ta rage sha. Shi kuwa zai matse har ya kai wurin nan siriri, ya cire hannu ya ce nan ne iyaka. Ko za ka kwanta a ƙasa ba zai ƙara ba.

Cikin masu zuwa akwai ƙanin matarsa, direban wata farar bas da ta girmi 'yarsa ta fari. Ɗan Gangara ake ce masa, saboda da ya ga hanya ta sunkuya ko yaya ne sai ya kashe inji ya bar motar ta gangara. Bas ɗin nan ita ce komai nasa. Ita ke ciyar da matarsa da 'ya'ya biyar da tsohuwarsu, wadda ita ce surukar Mai Kunne. Babu gona, babu shago, babu wata sana'a a hannunsa sai sitiyari. In motar ta kwanta, gidan ya kwanta.

Sau uku Mai Kunne ya daidaita masa kafireto a wata ɗaya. A zuwa na huɗu Ɗan Gangara ya tsuguna a gabansa.

"Yaya, rabin juyi kawai za ka ƙara mata."

"Na kai iyaka."

"Masu ƙara kuɗin mai ba su da iyaka, sai kai? Mun ba ka yayarmu sukutum, rabin juyi ya gagara?"

"Zo ka ɗauki yayar taka da yamma. Ka zuba mai ka kai ta gida, mu gani."

Mai faci ya ce duk suka yi dariya, har Ɗan Gangara, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce jiya ya fita tun asuba ya dawo bayan la'asar, abin da ya shiga gida da shi bai sa an ɗora tukunya sau biyu ba, kuma ƙaramar 'yarsa ta tambaye shi ko motar ce ke cinye abincinsu. Mai Kunne ya daɗe yana goge sukudireba da tsumma. Sannan ya gaya masa gaskiya: in ya ƙara, zai ji daɗi sati biyu ko uku, daga nan inji zai fara zafi a can ciki inda agogon mota ba ya nunawa, kuma ranar da zai nuna an riga an gama. Ya ce ya yi haƙuri. Ɗan Gangara ya miƙe ya kaɗe wando ya ce shi haƙuri ya daɗe da ƙarewa a gidansa, tun kafin garin tuwo ya ƙare.

Akwai wani bakanike a ɗaya gefen gari da ba ya musu da kowa. Can Ɗan Gangara ya kai motar. Aka matse, aka ƙara matsewa. Sati biyu Ɗan Gangara yana yawo a tasha yana cewa motarsa ta daina shan mai, sansana kawai take yi. Duk tasha ta san inda ya je, ban da Mai Kunne. Babu wanda ya iya gaya masa.

Wata Talata da hantsi Ɗan Gangara ya tsaya wurin mai faci a ƙara masa iska a taya. Bai kashe inji ba, domin batirinsa ya yi sanyi, in ya kashe sai an tura. Motar ta tsaya tana aiki taku uku daga kujerar Mai Kunne, kusan minti goma. Suka gaisa, suka yi wasansu na ƙani da mijin yaya. Da zai tafi ya taka totur, mai faci ya ji wata ƙara siririya daga cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya juya ya dubi Mai Kunne. Mai Kunne yana ɗaga hannu yana dariya. Sai mai faci ya koma kan tayar da yake ba iska. Daga baya ya ce min, shi wane ne da zai ji abin da Mai Kunne bai ji ba?

Ranar Asabar, a kan hawan da ke bayan gada, da cikakken lodi, injin ya buga. Fasinjoji suka sauka suka bi gefen titi da kayansu a ka. Da igiya aka jawo ta zuwa tasha.

Buɗe inji ba layin Mai Kunne ba ne, amma shi ya buɗe. Ya ciro fistin ɗaya da rami a tsakiyarsa wanda babban yatsa zai shige. Ya juya shi a hannu ya ce wannan injin ya yi kwanaki yana kuka, yaya aka yi babu wanda ya ji? Nan mai faci ya gaya masa komai, har da ranar Talata.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki gwangwanin madara, ya jefa ƙaramin noti a ciki, ya miƙa wa mai faci, ya ce ya tsaya a bayansa ya kaɗa. Ya zauna a kujerarsa, ya rufe ido, ya karkata kai kamar yadda ya saba. Direbobi sun taru. Can ya ce, "To, ka fara mana."

Mai faci ya ce, "Baba, na daɗe da farawa."

Likita ya ce shekara talatin da huɗu da kai a cikin bonet ba wasa ba ne. Magana yana ji in an ɗaga murya, rurin inji yana ji, amma ƙananan sautukan nan, waɗanda su ne sana'arsa, sun tafi a hankali ba su yi masa sallama ba, kuma ba za su dawo ba.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Babu wanda zai hana shi ci gaba. Hannunsa ya san sukurun nan fiye da yadda ya san fuskar jikokinsa, layi kuma bai ragu ba. Shugaban direbobi da kansa ya zo da mutum uku, suka roƙe shi, suka ce ko da rabin kunne ya fi masu kunne biyu na garin nan, kuma su sun yarda. Shi ma yana da gida, ga surukarsa ta dawo wurinsa da zama tun da aka daina ɗora tukunya a gidan ɗanta. Ya saurare su, hannu a bayan kunne, sannan ya ce, "Da can in na kuskure, mutum ya yi asarar lita ɗaya ya zage ni ya wuce. Yanzu in na kuskure inji ne. Wanda injinsa ya tafi bana ba ya dawowa titi." A ƙarshen watan ya naɗe buhunsa.

Farar bas tana bayan tasha a kan duwatsu, an sayar da tayoyin. Injin da za a sa mata ya fi ƙarfin duk dangi in sun haɗu. Ɗan Gangara yanzu yana tsaye a bakin ƙofa yana kira wa motocin wasu fasinja, mutumin da ya shekara goma sha tara yana riƙe da sitiyarin kansa. Biyu daga cikin yaransa sun daina zuwa makaranta. An ce ya je gidan yayarsa ya zauna gaban Mai Kunne ya ce laifin nasa ne, shi ya kai motar wurin wancan bakaniken. Mai Kunne ya ce, "Kai ka kai ta. Amma ta zo ta tsaya a gabana ta gaya min, ban amsa ba."

Ba haka ba ne, Baba, kuma zan ɗaga murya don ka ji. Kai ne wanda ya ce a'a ranar da i ta fi sauƙi, kuma ga ɗan gidanka, yana tsugune a gabanka. Kai ne wanda ya gwada kansa a gaban jama'a da gwangwani da noti, alhali kana iya ja da baya ka ce inji tsufa ya yi. Ba kai ka sa direba ya ga gara ya yunwatar da motarsa da ya yunwatar da 'ya'yansa ba. Waɗanda suka sa haka suna da kunnuwa biyu lafiyayyu, an yi musu kuka a ƙofa har murya ta dushe, kuma ban ji wani cikinsu ya ce a kaɗa masa gwangwani ba. Mai saurare, mai sanin iyaka, ba ka ceci bas ɗin ƙanin matarka ba, amma motoci nawa ne ke kan titi yau saboda ka cire hannu a inda ya kamata? Masu su ma ba su sani ba.

Mun gode. Na gode a madadin direbobin da suka zage ka don ka hana su rabin juyi, da fasinjojin da suka isa gida ba su san da kai ba. Ga sauranmu kuma, masu gyara da masu koyarwa da masu sa hannu a takarda, ga abin koyi mai wuya: ka san inda za ka tsaya ko da mai roƙon naka ne, kuma ranar da abin da kake taƙama da shi ya bar ka, ka zama na farko da zai faɗa. Ban ce zan iya ba. Ni har yau ban yarda ƙafata ce ba ta da lafiya ba.

Jiya na je gaishe shi. Yana zaune a ƙofar gida, rediyo na magana a gefensa, ana karanta sanarwar cewa daga ranar Litinin za a sake ƙara kuɗin mai. Ya ga fuskata ta canza, ya tambaye ni me aka ce. Na ce masa hasashen yanayi ne.