Gonar Aro a Gindin Tudu

A lakwal, wato makarantar boko, an koya mana cewa tudu ba ya tafiya. Mushe, wato malaminmu, ya zana dutse da tudu da kogi a allo, kowa da wurinsa, wanda ya musa ya sha bulala. Na yarda da haka har na girma na zama mushe ni ma, ina zana wa yaran Magaria abin da aka zana mini. Tudun rairayin da ke bakin tafkin garin kawuna, can wajen Dogo-Dogo, bai taɓa shiga aji ba, shi ya sa yake tafiyarsa.

Ina yaro, idan aka ba mu hutu, a amalanke ake kai ni wurin Kawu, yayan mahaifiyata. A lokacin akwai fili mai faɗi tsakanin tudun da ruwa: rake, rogo, ƴan dabinai, da burtalin da shanu ke bi su sha. Lambun Kawu yana tsakiya, mutum sai ya ɗaga murya kafin na ɗaya gefen ya ji shi. Tudun fari ne fat, ko ciyawa ɗaya babu a kansa. Mukan hau da ƙyar, ƙafa na nutsewa, mu gangaro da baya muna ihu. Kowane rani iskar gabas takan kwashi rairayi daga bayansa ta zubo shi ta gaba. Ba wanda ke ganin motsinsa. Sai dai gorubar da kuka sha inuwarta bana, baɗi ka tarar da ita an binne ta har wuya, ta zama ƴar kaba a tsakiyar gangara.

Cikin shekarun nan wurin ya yi suna. Samari daga Magaria da Dungass, har da na tsallaken iyaka, sukan zo a moto, wato babur, ran Lahadi da bayan Sallah, da butar shayi da wayar salula, a yi ta ɗaukar hoto. Wata rana abokan aikina suka ce mu ma mu je, wai an ce kamar bakin teku. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, har da mai koyar da labarin ƙasa, amma duk suka tabbatar mini kamar ta ɓaci. Na daɗe ban je ba, kunyar hakan ma ta sa na bi su.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Rairayi ya sauko har cikin ruwa ta arewa, fari, mai laushi, yara na wanka, wani na sayar da soyayyen kifi. Raken nan da dabinan duk babu. Abokaina suka shimfiɗa tabarma, ni kuma na bi gefen ruwa ina neman lambun Kawu, na kusa wuce shi ban gane ba. Abin da ya rage bai fi faɗin zauren gida ba, dogo siriri, tudu ta gabas, ruwa ta yamma, don shi ma tafkin ya ƙara cikowa ya ci nasa rabon. Na tarar da Kawu a durƙushe yana kwashe rairayi daga komin albasa da tsohuwar tasa.

Ya ɗago ya ce, "Mushe, ka zo kallon teku?"

"Na zo gaishe ka, Kawu."

"To ka fara gaida tudu, shi ne babba a nan."

Muka gaisa, ya tambayi uwata da iyali ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya zaga da ni ya nuna mini shingen karan gero da ya kafa a gangarar, layi bisa layi. Na bara kawunan karan kaɗai ake gani. Na bara waccan sai dai ya nuna da yatsa ya ce yana nan ƙasa. A bayan bukkarsa kuma, cikin inuwa, na ga dashen itatuwa a baƙar leda, jere, irin wanda wani furoje na agaji ya raba wa masu gona a bakin tudu. Sun yi girma har saiwa ta huda ledar ta kama ƙasa. Kullum yana ba su ruwa.

Na ce, "Kawu, ga magani a hannunka. Me ya hana ka dasa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ba a sallar asuba da hantsi.

Na san dokar, karatu ne ya mantar da ni. Lambun ba na Kawu ba ne. Wata shekarar yunwa kakana ya sauka garin, wani Bafillace mai shanu da gonaki ya ba shi aron wannan kwari ya ci abinci. Kakana ya rasu, mai ba da aron ya rasu, aro ya gangaro kan ƴaƴa. Duk shekara Kawu yakan kai kwandon albasa gidan masu ƙasa, don kowa ya gani ya tuna. A gonar aro kana iya shuka duk abin da za ka cire kafin shekara ta zagayo. Kana iya kafa kara, ka ja ƙaya, ka zuba taki. Itace ne ba ka dasawa, don a ƙasarmu wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce, ko bai buɗe baki ba.

Kawu ya ce, "Ka kwana. Gobe ka raka ni wurin bawan nan nawa. Kai ka iya jera magana, da ita kake ci."

Abokaina suka koma da yamma da hotunansu. Da safe muka zagaya bayan tudu zuwa rugar mai ƙasar. Sa'an Kawu ne, tare suka yi ƙuruciya, ga kuma wasan Fulani da Barebari a tsakaninsu, don mu ta wajen uwa Barebari ne. Muka same shi a gindin gawo yana murza igiya a cinya, dogo, siriri, ido ɗaya ya fara fari.

Kawu ya ce, "Tashi ka shimfiɗa tabarma, ubangidanka ya zo."

"Wane ubangida ne ke zuwa gidan bawa a ƙasa, ba ko jaki? Yunwa ce ta koro ka, faɗi gaskiya a dama maka fura."

"Furar da rabinta ruwan tafki ne? Ni ke ganin matanka suna ɗiba."

"Ai don ku ake ƙarawa. Cikin Babarbare bai saba da nono tsantsa ba."

Suka yi dariya har da tari. Aka kawo furar, kuma babu ruwan tafki a cikinta. Sai da ƙwarya ta koma wayam Kawu ya taɓa ni da gwiwar hannu, na fara. Na yi bayani irin na aji: yadda saiwa ke riƙe rairayi, yadda iska ke karyewa idan ta tarar da layin itatuwa, da cewa in ba a yi yanzu ba lambun ba zai ga damina da yawa ba. Na ce Kawu ba ya neman ƙasa, ceton ta yake nema. Tsohon ya saurare ni da ladabi, yana ta murza igiyarsa.

Da na gama sai ya juya wajen Kawu, ni bai ma dube ni ba. "Ni da kai mun san aro ne. Amma ni da kai rana ta yi mana yamma, itace kuwa zai daɗe a bayanmu. Ran da ba mu nan, ɗanka ya nuna itace ya ce ubana ya dasa, nawa ya ce ƙasar kakana ce. Ƴaƴana da naka ba su yi kiwo tare ba. Ka ga abin da mangwaro ya haddasa a kwarin yamma. Har yau gidajen nan biyu ba sa zuwa jana'izar juna."

Na ce, "To Baba, kai ka dasa da hannunka, kowa na gani. Kawu ya yi ban ruwa kawai."

Sai a nan ya dube ni da idonsa mai kyau. "Ɗana, gadonmu ba a raba ba. Ƙanena yana kudu da shanu, yayana ya rasu ya bar maza. Na dasa itace ɗaya, gobe labari ya kai musu na sa hannu a gado."

"A kira su a raba mana."

"A raba me? Kowa ya sami wurin shimfiɗa buzu? Kuma ran da aka raba, ranar ce kawunka zai fita, don ba duka ne suka san shi ba."

Na kawo maganar takarda a gaban mai gari da shaidu. Ya ce takarda gara na cin ta, itace kuwa a tsaye yake kowa na gani. Na sha karanta labaran mutanen da mugunta ta halaka, ban taɓa karanta na waɗanda tsoron zalunci ya ɗaure wa hannu ba, ga shi kuwa ina zaune a tsakiyarsu a kan tabarma ɗaya.

Tsohon ya ce wa Kawu, "Karan gonata duka na ba ka, ko shanu za su kwana da yunwa. Ƙaya ma zan sa a jawo maka. Matacce ko nawa ne ka kafa."

Kawu ya ce, "Na gode, bawa." Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

A hanyar komawa na ce masa, a hankali, tunda gangarar ba mai hawa ta wannan gefen, ya dasa ƴan kaɗan ya yi shiru. Ya ce, "Ni zan iya yin shiru, Mushe. Itacen fa?"

Ya kafa karan da aka ba shi. Shingen ya riƙe na ɗan lokaci, kamar yadda na baya suka riƙe. Damina ta zo ta wuce, iska ta dawo. Can cikin rani, bayan ya cire albasa, ya aiko a ce mini in zo, yana son shaida daga cikin dangi.

Na tarar lambun ya koma rabin abin da na bari. Mai gari ya turo wakili, liman ya zo, ga tsohon Bafillacen ya dogara da sanda. Kawu ya share wurin tsaf, ya rushe bukkarsa, ya ɗaure fartanya da guga da tasa a amalanke. Babban ɗansa ya daɗe yana kiransa ya koma wurinsa a tsallaken iyaka, inda yake gadin wani shago, Kawu yana ƙi. Yanzu ya amsa.

Kawu ya ce wa tsohon a gaban kowa, "Ubanka ya ara wa ubana. Mun ci, mun gode. Ga abinka."

Tsohon ya ce, "Wa ya kore ka? Ka noma ta har ta ƙare mana."

"Gona ubana ya karɓa. Ba zan bari sai ta zama tudu in ce maka ga ta ba."

Al'ada ce a zaga iyaka idan ana mayar da aro. Ta yamma muka bi bakin ruwa. Ta gabas kuwa iyakar tana can ƙarƙashin rairayi, sai tsofaffin biyu suka hau gangarar, suna nutsewa har ƙauri, kowa na riƙe da hannun ɗan'uwansa, suka tsaya inda suke jin nan ce gorubar iyaka take a da. Suka ɗan yi gardama, ɗaya ya ce gaba kaɗan, ɗaya ya ce baya, suka daidaita. Daga saman tudu wasu samari suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ya ɗaga salula, ina jin ya zaci biki ne.

Liman ya yi fatiha, muka shafa. Tsohon ya raka amalanken har bakin hanyar Dungass, yana tafe a gefen jaki, hannunsa a kan kayan. A nan ya tsaya ya ce, "In an ba ka fura a can, ka duba da kyau kafin ka sha."

Kawu ya ce to, ya kaɗa jaki.