Askar Baba Tanimu Ba Ta da Laifi

Sunana Lawal, haifaffen cikin birnin Zariya, mai digiri a kimiyyar dabbobi, tsohon jami'in duba nama. Na yi shiru shekara talatin da ɗoriya. Maƙasudin wannan rubutu shi ne wanke sunan mutumin da jinyata ta ɓata, wato marigayi Baba Tanimu, wanzamin gidanmu.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin na kammala jami'a, aka ɗauke ni aiki a kwata. Na dawo gida da wata nazariyya tawa ta kaina: ganye abincin dabba ne, dabba kuma abincin mutum. Tunda saniya ta riga ta ci mana ciyawa, cin rama da zogale maimaita aiki ne. Na riƙa gabatar wa samari wannan hujja a dakalin ƙofar gida, babu mai ilimin da zai ƙalubalance ni.

Mahauta ba sa bari in tashi hannu rabbana. Soye, balangu, ƙwai, man shanu. Ko albasar tsire ture ta nake yi gefe. Kwanon tuwon da Inna take aiko mini shagon da nake kwana kuwa, maƙwabci nake miƙa wa, ya koma mata a wanke.

A wata na uku kasala ta fara. Hawa keke zuwa Tudun Jukun ya zama jihadi.

Sai asuwaki ya fara fitowa ja. Dasashina ya kumbura, bakina ya ɗauki irin warin naman da nake hana a sayar. Daga nan tabo baƙi-baƙi ya feso mini a ƙwauri da cinya.

Mahaifina ya duba ya ce mataccen jini ne, a kira Baba Tanimu ya yi ƙaho. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya.

Baba Tanimu ya zo, ya zauna yana kwance zabira yana dariya. "Malam Digiri, yau boko ya faɗo hannun jahilai ke nan?" Da ya taɓa tabon sai dariyar ta ɗauke. Ya dubi mahaifina. "Alhaji, fatar nan ba ta yi mini ba. Da dai an kai shi asibiti."

Ni na tilasta. Na ce, "Yi aikinka, Baba. Duk unguwar nan babu jikin da ya kai nawa ingancin sinadari."

Ya kafa ƙaho shida, ya yi tsaga. Jinin bai tsaya ba. Aka danna auduga, aka ɗaure da ƙyalle, kwana biyu yana tsattsafowa. Ran na uku na yanke jiki na faɗi a wajen alwala.

A asibiti aka ƙara mini jini leda biyu. Aka ɗebi wani aka kai awo. Na ji likita ya ambaci sankarar jini da Turanci, yana zaton barci nake. Kwana huɗu ina jiran sakamako, ina ƙirga abokan da za su ɗauki makarata. Haƙorina guda ya fita a cikin kofin kunu, na biyu ya biyo shi washegari.

Awo ya dawo, babu sankara, babu kuma bayani.

Wata nas, Sista Rifkatu 'yar Wusasa, ita ta lura ina tsame nama in bar miya. Ta ce, "Malam, wai me kake ci a gida?" Na zayyana mata nazariyyata tun daga muƙaddima. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta leƙa waje ta ce, "Likita, don Allah zo ka ji da kunnenka."

Likita ya ce, "Yaushe rabonka da lemo, ko tumatir, ko miyar ganye?"

"Wata biyar."

Ya cire tabarau. "Wannan ciwon a littafi kawai na san shi. Rashin bitamin C ne. In babu shi, jiki ba ya iya ɗinke rauni. Ko ƙaya ce ta soke ka, haka jini zai yi ta zuba. Wanzaminku bai yi komai ba."

Ƙwayoyi, lemo, gwaiba, miyar zogale. Cikin kwana goma dasashi ya daina jini. Bayan mako shida na taka da ƙafata.

Amma mahaifina ba ya ɗakin lokacin da likita ya yi maganar, kuma labari ya riga ni isa gida: askar Baba Tanimu ta kusa kashe ɗan boko. Wasu suka ce tsatsa, wasu suka ce tsufa. Gidaje suka daina kiransa ranar suna.

Ya zo dubiya, ya tsuguna a bakin ƙofar shagona, ya ƙi shigowa. "Lawal, me likita ya ce? In hannuna ne ka gaya mini, in ajiye zabira."

Na dube shi, na tuna samarin dakali da laccocina. Na ce, "Suna kan bincike, Baba."

Ya ajiye zabira. Ya koma kasa goro a bakin masallaci har Allah ya yi masa rasuwa. Kullum na wuce sai ya tambaye ni ya ƙarfin jiki.

Ina gode wa Allah, da Inna, da wannan nas da ta fi ni hankali nesa ba kusa ba.

Masu yaɗa cin nama zalla a shafukan sada zumunta, na ji hujjarku cewa akwai ɗan wannan bitamin a ɗanyen nama. Akwai, amma wuta tana cinye shi, mu kuwa sai mun gasa mun soya muke ci. Ku ci namanku, ku haɗa da ganye. Wanda ya ga jini a asuwaki ya tafi asibiti, ya faɗi haƙiƙanin abin da yake ci.

Malam Sani, babban ɗan Baba Tanimu, na san kana bibiyar shafin nan. Ina neman izininku in miƙe a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a in faɗi wannan magana da bakina, a gaban waɗanda suka daina kiran mahaifinku. Ina buƙatar amsa a rubuce kafin Alhamis ta ƙarshen watan nan. In kun ce kada in zo, ku rubuta hakan, zan karɓa. Shiru ne kaɗai ba zan karɓa ba, domin na san abin da yake yi wa mutum.