Kawu, Jininka Bai Taɓa Yin Ƙasa Ba

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha tara ga watan jiya, da hantsi, kawuna mai gyaran keken ɗinki ya cika a ɗakin maza na asibiti, bayan jinyar dajin hanta. Kawu, an ce in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi. Na nema a zuciyata, ban samu ba.

Duk wanda ya bi layinmu ya san rumfarka: benci ɗaya, gwangwanin mai, kawunan kekuna jere a ƙasa. Kakan juya keke ka kara kunne, ka ce, "Wannan lafiyarta ƙalau, mai ita ce ba ta da haƙuri." Ina nan ranar da wata bazawara ta ɗauko kekenta a ka, ɗinkin mutane na jiran ta. Ka bar abincinka ya huce, ka gyara, ka ɗauka ka kai mata har ƙofa. Ni ma da na bar makaranta kowa ya sallama ni, kai ne kake ajiye min tsoffin jaridun da ake naɗo kayan gyara, kana cewa, "Karanta min, ɗan banza, bakin nan naka ya yi amfani."

Shekara huɗu ke nan ka fara gajiya da ciwon gaɓoɓi. Ka je kemis ɗin bakin titi, wurin mai farar rigar nan da ake kira Dokta, alhali ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba. Ya ja fatar idonka da yatsa, ya ce, "Jininka ya yi ƙasa." Ya miƙo kwalbar maganin ƙarin jini. Ta ƙare, ya miƙo wata. Mu ma muka bi sahu, duk mai zuwa dubiya da kwalbarsa a leda. Ni da hannuna na kawo biyu. Wannan ba zai bar ni ba har in mutu.

Sai da cikinka ya kumbura, idonka ya yi rawaya, aka kai ka asibiti aka auna jinin. Likitar ta daɗe tana duban takardar. Ta ce sinadarin ƙarfe ya yi maka yawa ƙwarai. Akwai jikin da ke tara shi a hanta har ta taurare, daga nan daji ya samu wurin zama, kuma ana gadon abin. Ta ce, "Me yake sha?" Inna matarka ta zazzage leda. Likitar ta ce, "Ba zan ce wannan ne kaɗai ba. Amma ƙarfe ne a cikin kwalaben nan, mama."

A zaman makokinka mai kemis ɗin nan ya zo gaisuwa. Ya dubi babbar 'yarka, wadda kuka ya ramar, ya ce, "Yarinyar nan ta yi fari, zan aiko mata da kwalba." Na miƙe. Baba ya riƙe min riga.

"Kai, a gidan rasuwa?"

"To wa ya mai da shi gidan rasuwa, Baba?"

Ya aiko kuwa. Bayan kwana shida na tarar da kwalbar a ɗakinta, ta sha rabi. Na juye sauran a kwata, na ja ta asibiti tana zagina. An auna. Nata ƙarfen ma ya hau, amma likitar ta ce an kama shi da wuri. Jibi zan kai ƙannenta.

Inna ta ce in ƙyale mai kemis ɗin, da kana raye da ka yafe. Na sani, Kawu, halinka ne. Naka haƙƙin kai da shi ne gobe gaban Allah. Na 'yarka kuwa ba zan jira gobe ba. Na kai takardun awonku biyu ofishin masu kula da shagunan magani, sau uku ana ce min in dawo, kuma zan yi ta dawowa har su gaji da fuskata. Kafin nan, kowace safiya ina bakin kemis ɗin. Duk wanda aka ja wa fatar ido, sai na ce masa ya je a auna jininsa tukuna. Ba zan bar wurin ba sai na ga kwaɗo a ƙofarsa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Inna, Baba, da marayunsa huɗu, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya ba 'yarsa lafiya da tsawon rai. Wanda ya yi mana wannan kuwa, Allah Ya isa.