Kujerar Zinsu

Fofo Medar ya tsufa yana tuƙa motar shaƙatawa ta ranar Lahadi, daga Kotonu zuwa tsohuwar fadar sarki a Porto-Nobo da safe, sannan bakin teku a Seme bayan an ci abinci. Mutum ne mai mita. Ya hana cin gyaɗa a motarsa, alhali aljihunsa cike yake da ita.

Na san shi ta dalilin tagwayena, Zinsu da Zinhuwe, waɗanda kujerun bayansa suka zama nasu. Da zazzaɓi ya ɗauke Zinsu, muka yi abin da kowa ke yi. Aka sassaƙa shi da itace, 'yar'uwarsa tana yi masa wanka, tana ba shi abinci. A wurinmu ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu, sai dai ya tafi daji. Ranar da muka koma motar, Fofo Medar bai yi mini ta'aziyya ba. Ya dubi sassaƙen ya ce, "Kai Zinsu, ka makara. Zauna, kuma kada ka taɓa mini taga."

Bara kamfanin motar ya yi sabon manaja mai kwaɗayin baƙi 'yan ƙasar waje. Wata Lahadi mota ta cika, wani baƙo yana tsaye, sai manajan ya ce in jefa 'yar tsanar a jaka. Na yi masa bayani a hankali. Ya ce shi ma Bafon ne, ɗan ƙabilarmu, ya san al'adar, amma nan wurin aiki ne. Ya ƙara da cewa in dole sai mun riƙe kujerar, to Zinhuwe ta ɗaga shi a ƙofar fada baƙi su ɗauki hoto. Ɗan garinmu ne ya faɗi haka, a gaban yarinyar.

Fofo Medar ya kashe mota. Manajan ya ce in bai tayar ba, a bakin aikinsa.

"Ɗana," in ji Fofo Medar, "ni ba na sauke fasinja don kawai ba ya surutu."

Ya miƙa wa manajan makulli, muka sauka tare.

Na yi ta zarya ofishinsu don a mayar da shi aiki, manajan bai taɓa fitowa ba. Yanzu Fofo Medar gadi yake yi a wani gareji a unguwar Akpakpa. Idonsa garau, hannunsa ba ya rawa, amma ba wanda ya sake ba shi mota. An ce yana da taurin kai.