Haƙoran Injin Baba

Wata Laraba ce, cikin damunar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya kira ni rumfarsa ta kafinta da ke ƙofar gidanmu a Yelwa. An yi ruwa da asuba, garin katako ya jiƙe ya manne a ƙasa, ko'ina sai ƙamshin maɗaci. Jakarsa na jingine da benci, mai babur ɗin da zai kai shi tasha yana ta danna ham kamar an ce masa motar Kaduna za ta gudu, Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya jawo wani ɗan akwatin katako da ya yi da hannunsa, ya buɗe, ga ƙananan ƙarafa a tsaye, kowanne cikin raminsa. "Kulu," ya ce, "ga amanarki. Inji ya ƙone, amma haƙoranga na da rai. In na samo wani inji zan dawo in buɗe rumfa, ba inda za ni kuma. Ke dai kada ki bari tsatsa ta taɓa su." Ya dafa kaina, ya hau babur, ni kuma na tsaya rungume da akwati har ƙarar ta ɓace.

Injin da ya ƙone shi ne wanda kafintoci ke kira rauta, injin hannu mai fitar da ado a gefen gado da ƙofa da kabad. Ƙarafan da ake ɗaura masa su ne Baba ke kira haƙora, kuma da su aka san shi a unguwarmu. Kowanne ya sa masa suna. Akwai bakin tulu, mai kashe kaifin gefen katako ya mayar da shi sumul, akwai cikin ƙwarya, mai ƙwaƙule shi, akwai igiyar ruwa, wanda iyayen amare ke nuna wa yatsa in sun zo zaɓen gado. Bai tara su rana ɗaya ba, duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da guda, bayan ya gama wahalar da mai shago. Yakan ce, "Ba a sayen haƙori don ƙyalli." Wutsiyar yake dubawa, in siririya ce ya ajiye, wai za ta yi rawa a cikin inji. In mai 'yar taya ne a kai, sai ya murza ta da yatsa ya kasa kunne. Ya ƙi tafiya da su Kaduna ne domin shagon wani zai yi wa aiki, ya kuwa san halin yara masu koyo, sai su sa maka haƙori a katako mai ƙusa su ce ba su gani ba. Ko a nan gida, in masunta sun kawo allunan tsohon jirgi a yi musu ƙofa, da kayan hannu yake yi musu, ba ya sa haƙoransa, domin yashi da ƙusoshin da ke ciki.

Ni kaɗai Allah ya bar wa Inna, saboda haka da Baba ya tafi sai gidan ya yi mana yawa. Inna bandar kifi take yi, tun safe tana bakin gulbi tana jiran masu jirgi, in ta dawo kuma tana cikin hayaƙi har la'asar. Ni in na taso daga makaranta sai in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in taya ta juya kifi, sannan in shige rumfa in ja ƙyaure. A can nake zama a kan bencin Baba in fito da haƙoran ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya koya mini. In akwai danƙon katako a jiki, kananzir da tsohon buroshi. Sai in share da tsumma, in ɗiga man keken ɗinki, ban da man gyaɗa, shi daskarewa yake yi ya kira kiyashi. Ba a barin biyu su gogi juna. Ya kuma ja mini kunne a kan abu guda: in ma za a wasa haƙori, ta shimfiɗaɗɗen gefensa ake wasawa, ba a taɓa lanƙwasar, domin ita ce adon. Ina jin ƙawayena a waje suna 'yar galagala, suna kira, "Kulu kafinta, fito mana!" Oho dai, su suke da lokacin wasa, nasu iyayen na gida. Ni a raina na ƙulla cewa muddin ƙarafan nan ba su yi tsatsa ba, Baba na nan tafe. Ko a aji, in na shafa gefen bencinmu na ji kaushi, sai in tuna shi, wani lokaci har in yi ƙwalla, malam ya ɗauka ciwon ido ne.

Shekara ta juyo, wata damunar ta zo, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na daɗe a kwance, ban san safe ba ban san yamma ba. Wanda ya zauna kusa da gulbin nan kuwa ya san laimar wurin, ko wuƙa ka manta a rataye sai ta yi ja. Ina cikin farfaɗowa saƙo ya zo ta wayar maƙwabcinmu cewa Baba zai zo ƙaramar Sallah, kuma ya samu inji. Inna ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. A wurinmu in maigida zai dawo daga tafiya, mace kan kwashi tukwane da kwanoni ta tafi bakin ruwa, ta dirje su da yashi da toka har sai ta ga fuskarta a ciki, wadda ba ta yi haka ba a yi da ita. Inna ta kwashi nata, ta leƙa rumfa, ta buɗe akwati, ta ga tsatsa ta ɗan hau haƙoran. Tausayina ta ji, kada ubana ya zo ya ce na ci amana. Sai ta juye su duka cikin ƙwarya guda, ta haɗa da kayan wanke-wanke. Inda yashi ya kasa, ta goga a dutsen da mata ke wanki a kai, ta bi kowace lanƙwasa da ƙarfinta na mai fasa itace.

Da yamma ta kawo mini su har kan tabarma, suna ƙara a cikin ƙwarya, suna walƙiya kamar sababbin cokula. "Duba, ɗiyata, na hutasshe ki," ta ce, yatsunta duk sun yanke. Na ɗauki igiyar ruwa na goga a farcen babban yatsana yadda Baba ke yi. Mai kaifi yakan ɗebo ɗan farin gari daga farce, wannan kuwa sai ya zame ya wuce. Na gwada bakin tulu, haka. Na dubi Inna, tana murmushi tana jiran in gode, sai na ce an gode, na juya fuska bango.

Baba ya iso ana gobe Sallah, ya rame, ɗauke da inji na hannu a naɗe cikin buhu. Duk abin da ya tara a kan injin ya ƙare, haƙora kuwa ba a sayar da su a garinmu a lokacin. Bayan an sauko daga idi an ci abinci, aka yi sa'a da wutar lantarki, ya ce in kawo amana. Inna ta biyo ni har rumfa, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana ba shi labarin yadda ta wuni a bakin gulbi. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya kai farce, sau ɗaya tak. Duk da haka ya ɗaura shi, ya kunna inji, ya bi gefen wani guntun katako. Injin ya riƙa rawa a hannunsa, hayaƙi ya tashi, katakon ya yi baƙi ya tsattsage. Ya kashe. "Mi ya faru?" in ji Inna. Baba ya ɗan yi dariya, ya bugi injin da tafin hannu. "An cuce ni, injinga ba shi da lafiya, sai na maishe shi. Haƙora kam, ban taɓa ganin sun yi haske haka ba. Sannu da aiki."

Sallah na wucewa ya sake ɗaure jaka. Na raka shi har bakin titi, ina riƙe da buhun injin da na san lafiyarsa lau. Ya tsuguna ya ce, "Kulu, ni da ke mun sani, ya isa. Kada uwarki ta ji. Ki ci gaba da shafa musu mai, in ta ga kin bari za ta gane." Ya ce in ya tara sababbi zai dawo gaba ɗaya. Bai ga wata Sallar ba, ciwon ƙirji ya kama shi a can, sai jakarsa da injin aka kawo mana. Na yi kewarsa, kewar da ban san inda zan kai ta ba, domin wadda zan faɗa wa ita ce aka ce kada ta ji. Haka na ci gaba da shiga rumfa duk la'asar, ina ja ƙyaure, ina ɗiga mai a kan ƙarafan da ba za su ƙara yanka komai ba.

Yanzu ina aure a Wara, akwai kafinta a layinmu. Ina ganin yadda ake kawo masa haƙora a jere cikin roba, in ɗaya ya dakushe ya wurgar a bola ya ɓare wani, ba suna, ba mai, ba gwaji a farce. Rumfar Baba kuwa ta zama wurin cajin waya. Akwatin na gidan Inna, a ƙarƙashin gadon da ya yi mata, mai igiyar ruwa a gefe, duk zuwan da na yi sai na jawo shi da 'yar kwalbar maina. Inna ta tsufa, idonta ya rage, amma da ta ji ƙamshin man sai ta gyara zama ta kira jikoki. "Kakanku da bakinshi ya ce bai taɓa ganin sun yi haske haka ba, ko ba haka ba, Kulu?" Sai in ce, "Haka ne, Inna." A cikin amana biyun da ya bar mini, wannan ce har yau tsatsa ba ta taɓa ba.